Mandiran ɗin da ya ƙi zama: wata biyar a shagon wani kafinta a Damagaram

## Shagon da injin, kafin Oktoban 2024

Kafintan da wannan lamari ya faru da shi yana da shago a unguwar Zango, cikin garin Zinder, da yara uku masu koyon aiki a hannunsa. Gado da kujera da ƙofa su ne abincinsa. Shekara shida ke nan da ya sayi tsohon injin juya itace, wanda masu sana'a a nan ke ce wa tur, a hannun wani mai shigo da tsofaffin injuna ta Kwatano. Ba takarda, lambar da ke manne a jikinsa ma ta goge. Moter ɗin da ya zo da shi ya daɗe da ƙonewa, aka sa wani na kuran 220 mai juyi 1450 a minti ɗaya. Fulin yana da hawa huɗu, kuma in aka lissafa faɗinsu, sandar injin tana iya juyi kamar 560, 950, 1450 ko 2300. Bel ɗin dai tun ranar da aka ɗora shi a hawa na uku ba wanda ya sake taɓa shi.

Duk shekarun nan aiki iri ɗaya injin ke yi: ƙafar gado, ƙafar tebur, sandunan matakala. Irin wannan ba ya son komai sai tsini biyu, na gaba mai haƙora yana juya itacen, na baya yana tokare shi. Kwano kuwa ba ya yiwuwa haka, don dole bakinsa ya kasance a buɗe kafin a rarake cikinsa, ke nan ta gindi kaɗai za a riƙe shi, aikin da na'urar da ake kira mandiran ke yi. Abin da kafintan ke da shi na wannan riƙo shi ne farantin ƙarfe da ya zo da injin, mai ramuka huɗu, ana ɗaure itace a kansa da ƙusoshi masu murɗi.

A farkon Oktoba wata Hajiya mai haɗa kayan ɗakin amare ta ba shi aikin kwanonin dabino na itace guda 60, faɗin kowanne santimita 22, tana son su kafin azumi, wanda zai kama a farkon Maris na 2025. Ta ce ba irin akushin masassaƙa da ake fafewa da gizago a kawo kasuwar Dole ranar Alhamis ba, sumul take so, marasa nauyi, kai ɗaya. Ya yi mata samfuri biyu da itacen danya a kan faranti. Ta ɗauki ɗaya ta kifa, ta sa farce daidai inda ya cike ramukan da garin katako da gam.

"Malam, wannan ai ramin ƙusa ne, har huɗu. Uwar miji tana ɗagawa za ta gani."

Ya ce a ba shi mako biyu. Ban da ramukan, faranti yana cin itace, don kowane kwano sai an bar masa kaurin santimita biyu a gindi inda ƙusa za ta kama. Danya mai kaurin da zai fitar da kwano kuwa sai an sa masu itace sun nemo daga ƙauyukan kudu. Gawo ba a ma zancensa: tun zamanin Sarki Tanimun aka san sare shi laifi ne a ƙasar Damagaram, yau kuma 'yan gandun daji ne ke tsaronsa.

## Oktoba: mandiran na masu ƙarfe

Na'urar da ke damƙe aiki a bakin inji da haƙora masu matsewa ita ce mandiran. Sunan daga Faransanci ya shigo, a Kano cok ake cewa. Wanda ya fi sauƙin samu a Zinder shi ne na masu juya ƙarfe, mai haƙori uku. Kafintan ya sami tsoho guda mai faɗin milimita 160 a kan jika 25, wato sefa dubu 25, aka huda farantinsa aka ɗaure shi a kai da noti uku. Da aka ɗora su a sikeli, kilo 9 suka yi.

Gunduwa bakwai ya gwada cikin kwana huɗu. Uku sun fice daga haƙoran ana cikin rarakewa, ɗaya har ta bugi kwanon rufi ta dawo. Huɗun da suka tsaya, kowacce ta fito da tambari uku masu zurfi a gindi. Haƙoran wannan mandiran sirara ne, masu tauri, inda kowanne ke taɓa itace bai wuce faɗin yatsa ba. Ƙarfe in an matse shi tsayawa yake yi. Danya lotsawa take yi, a ƙara matsewa ta ƙara lotsawa, bayan minti biyar riƙon ya saki.

Rana ta biyar babban yaron shagon yana goge kwano da samfefa, hannunsa ya gangara wajen gindi. Haƙoran nan in an buɗe su sosai suna leƙowa waje da jikin mandiran, kuma in yana juyawa ido ba ya kama su, sai wata inuwa-inuwa. Ɗaya ya share masa fatar gaɓɓan yatsu biyu. Ba karaya, amma sai da aka yi masa ɗinki uku, ya yi kwana goma ba ya riƙe komai. A makon ne kuma aka lura kan injin yana ɗumi fiye da da, daidai wajen rulma ta gaba, wato boris. Aka kwance mandiran ɗin aka jingine shi bayan ƙofa.

## Nuwamba: saƙo daga Kano

Wani abokinsa ya turo masa bidiyo ta WhatsApp, a ciki ya fara ganin mandiran da aka ƙera don itace. Haƙori huɗu ne, makulli ɗaya ke tafiyar da su duka, saboda a ciki akwai wani faifai mai zane irin na bayan dodon koɗi da ke tura su lokaci guda. Haƙoran zobe ne da aka raba gida huɗu, suna rungumar itace ta ko'ina. Ba tsohon abu ba ne a wannan sana'a. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Teknatool na Niyu Zilan ya fito da nasa mai suna Nova. Yau akwai na Oneway daga Kanada, na Vicmarc daga Ostireliya, na Axminster daga Ingila, sai kuma masu araha da masana'antun Sin ke ƙerawa, waɗanda su suka fi isowa kasuwanninmu.

Ta hannun wani ɗan'uwansa ya sami mai sayarwa a Kano. Tambaya ɗaya mutumin ya yi a salula: nawa ne zaren injinka? Zare a nan shi ne murɗaɗɗen layin da aka yanka a hancin sandar inji, irin na noti, inda faranti ko mandiran ke ɗaurawa. Kafintan ya zaro mitir ɗinsa daga aljihu, ya kara a hancin sandar, ya ce kamar 32 ko 33. Mai sayarwa ya ce to M33 ne. Kuma maganarsa ba ta rasa tushe ba, don M33, wato mai kaurin milimita 33 da taku (tazarar layi da layi) milimita 3.5, shi ne zaren da ya fi yawa a injunan Turai na yanzu.

Iri biyu gare shi. Ɗaya an yanka zaren a jikinsa kai tsaye. Ɗayan yana da faffaɗan rami a baya, ana ɗaura masa wani ƙaramin zobe mai zare, a zaɓi zoben da ya dace da injin mutum. Na biyun ya ɗara na farko da jika 15. Kafintan ya ɗauki na farko a kan jika 75: faɗi milimita 100, nauyi kilo 2, da haƙoran da ake kira na milimita 50, da makulli, da wata doguwar ƙusa mai murɗi ta riƙe gunduwa ta tsakiya. Direba ya biyo da shi ta Daura da Matamaye a mako na uku na Nuwamba.

Da aka zo ɗaurawa, zagayen farko ya shiga sako-sako, har yana kaɗawa. Na biyu da na uku suka bi. A na huɗu ya cije. Tsakaninsa da kafaɗar sanda, inda ya kamata ya je ya jingina, akwai sararin da yatsa ke shiga. Aka zuba mai, bai motsa ba. Kafintan ya sa ƙarfe a tsakanin haƙoran ya fara dannawa da ƙarfi, sai ƙaramin yaron da ke tsugune a ƙasa ya ce, "Maigida, ƙarfe na zuba." Wani ɗan gari ne mai ƙyalli a kan gadon injin. Ya tsaya nan take. Da aka warware, kan zare biyu na farko a sandar sun yi fari. Mai sayarwa ya ga hoton ƙarzunan ya ce kaya ba zai komo ba.

## Farkon Disamba: mahaɗi na farko

Shawarar da kowa ya bayar ita ce a ƙera mahaɗi: guntun ƙarfe mai mace a gefe ɗaya da za ta hau sandar inji, da namiji a ɗaya gefen da mandiran zai hau. Wani matashi mai tur na ƙarfe ya zo ya auna da ma'auninsa mai baki, ya sami 31.7, ya tabbatar ba M33 ba ne. Ya kara ma'aunin zarensa, wanda na milimita ne kaɗai, wanda ya fi kusa shi ne taku 3. Ya yanka haka, ya zo ya gwada, ya cije, ya koma ya ƙara buɗe ramin har ya wuce. Jika 12. Mahaɗin ya ƙara wa hancin injin tsawon santimita 5.

Mandiran ya zauna, yara har da tafi. Amma da aka kara fensir a kan madogarar ƙarfen yanka aka juya da hannu, gefe ɗaya kawai fensir ke taɓawa. Yadda ake aikin shi ne a fara gyara bayan kwano yana kan doguwar ƙusar nan, sannan a juya shi a damƙe gindinsa a rarake ciki. To da an juya, sai bakin kwanon ya riƙa rawa. Kwanon da aka gama, gefe ɗaya kaurin milimita 5, ɗaya gefen 8. Cikin guda 11, huɗu ne kawai za a iya nuna wa mutum. Kuma duk lokacin da aka kwance aka mayar, rawar sai ta koma wani wuri.

Wata rana ƙarfen yanka ya sarƙe a itace, fizgar ta ƙara ɗaure mahaɗin a kan sanda, aka yi rabin yini da bututu kafin ya kwance. Badukun da ke maƙwabtaka da shagon ya yanko masa zagayayyar fata ya ce a riƙa sawa a tsakani. Cijewa ta daina. Rawa tana nan.

## Ƙarshen Disamba: ranar awo

Hajiya ta aiko sau biyu. Daga nan ne aka haɗa kafintan da wani dattijo mai tur na ƙarfe, wanda ya yi shekaru yana ƙera kayan manyan motoci. Ya zo bayan la'asar da wani ɗan akwati ɗaure a bayan babur. Bai ko kalli mandiran ba, ya ce a kwance komai a bar masa sanda tsirara. Ya wanke zaren da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya yagi takarda daga littafin lissafin shagon, ya kwantar da ita a kan zaren ya goga gefen fensir. Layuka suka fito baƙi-baƙi. Ya ƙirga tazara shida, ya ɗora rula: milimita 19.

"Ɗana, wa ya ce maka wannan 33 ne?"

"Baba, da mitir na auna."

"Mitir na katako ne. Injin nan da inci aka haife shi."

Lissafin ga shi. Kaurin sandar inci ɗaya da kwata ne, wato milimita 31.75, da zare takwas a kowane inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, in aka raba takwas taku ɗaya ya zama 3.175, taku shida 19.05. Da M33 ne, taku shida 21 za su ba da. Zaren inci ɗaya da kwata ɗin nan ya yawaita a injunan da aka ƙera don kasuwar Amurka, kuma ba su biyun nan kaɗai ke yawo ba: akwai inci ɗaya mai zare takwas, akwai kwata uku na inci mai zare 16, akwai M30 mai taku 3.5, akwai inci ɗaya da rabi mai zare shida a wasu tsofaffin injunan Ingila. Amma waɗannan biyun su suka fi ruɗi, don bambancin kaurinsu milimita 1.25 ne kacal, mitir ba ya nuna shi. Shi ya sa M33 ke hawa da farko. A kowane zagaye kuma yana kauce wa sandar da 0.325, zuwa zagaye na huɗu kaucewar ta kai 1.3, sai ya cije.

Mahaɗin farko ma ciwonsa ke nan, ƙarami dai. Tsakanin 3 da 3.175 akwai 0.175, a zagaye bakwai ya haura milimita ɗaya, dole a buɗe ramin har zare ɗaya ko biyu ne kaɗai ke ɗauke da nauyi. Dattijon bai zagi matashin ba. Ya ce injin da aka ƙera da milimita ba ya yanka zaren inci daidai sai da giya mai haƙori 127, don 25.4 sau biyar 127 ne, kuma a tsofaffin injuna ita ce ke fara ɓata. Tasa tana rataye a ƙusa, naɗe cikin tsumma.

Sannan ya buɗe akwatin ya fito da agogon awo, mai allura da ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. A sanda tsirara allurar ta motsa 0.03, ke nan sanda da rulma lafiya lau. Da mahaɗin farko da fata da mandiran, ta motsa 0.8 a jikin mandiran. Ya buga kafaɗar sandar da bayan fensir ya ce aikin zare ja ne kawai, abin da ke miƙar da mandiran shi ne fuskarsa ta kwanta daram a kan wannan kafaɗa.

Yadda ya ƙera nasa mahaɗin ya cancanci a faɗa dalla-dalla. Ya fara yanka macen da zare takwas a inci, ya gyara fuskarta. Sai ya kama wani guntun ƙarfe a injinsa ya mayar da shi kwafin hancin sandar kafintan, zare da kafaɗa. Bai kwance wannan kwafi ba, a kansa ya ɗaura mahaɗin, sannan ya yanka namijin M33 da kafaɗarsa. Ta haka gefe biyun suka fito a kan layi ɗaya. Ya huda gefe ya sa ƙaramar ƙusa mai murɗi don kada mahaɗin ya warware in an tsayar da inji da gaggawa. Kwana huɗu, jika 20. Kan zaren da suka ƙarzu a Nuwamba ya gyara su da ƙaramin magagari mai kusurwa uku.

Ranar gwaji allura ta nuna 0.3. Dattijon ya ɓata rai, ya warware mandiran da hannunsa, sai ga fatar baduku, yaro ya mayar da ita don ya saba. Aka cire, aka goge fuskokin biyu, aka ɗaura: 0.08. Maganin cijewa da ya bar musu shi ne a goge, a ɗiga mai kaɗan, a ɗaura da hannu har ya jingina. Kada a taɓa kunna moter don ya ɗaura kansa.

## Janairun 2025: ƙarfe ya daidaita, itace na ficewa

Cikin gunduwa biyar na farko, biyu suka sake ficewa. Kafintan ya kira dattijon a salula, amsar gajeriya ce: "Ƙarfena ya gama nasa, sauran naka ne."

Ina shagon ranar da kafintan ya ɗora mandiran a kan benci yana rufe shi a hankali yana leƙawa. Tunda haƙoran zobe ne da aka raba, a wuri ɗaya kaɗai suke komawa cikakken da'ira, lokacin da tazarar da ke tsakaninsu ta rage kamar milimita 3. Ya auna cikin da'irar a nan, 45. Sai ya ɗauko kwanon da ya fice. Ɗan tudun da yake bari a gindi don haƙora su kama, wanda yaran shagon suka raɗa wa dunduniya, faɗinsa 60 ne, tsawonsa 15, gefensa a miƙe. A jikinsa akwai tambari takwas ƙanana. A faɗin 60 kusurwoyin haƙoran ne kawai ke cizo, tsakiyarsu tana iska.

Abu na biyu tsawo. Zurfin haƙoran milimita 8 ne, don haka dunduniya mai 15 tana zuwa ta taka ƙasa, saman haƙoran kuma bai kai ga gindin kwano ba. Alhali wannan saman shi ne ya kamata kwanon ya jingina a kai, kamar yadda mandiran ke jingina a kafaɗar sanda. Na uku, cikin haƙoran a karkace yake, bakin ya fi ƙasan matsewa, don ya riƙa janyo itacen ciki. Dunduniya miƙaƙƙiya ba ta ba shi abin janyowa.

Ya yanki gwangwanin tumatir ya yi ma'auni: faɗi 47, tsawo 6, karkatar gefe kwafin ta haƙoran, kusurwa a tsaftace, kafaɗa shimfiɗaɗɗiya. Ya huda shi ya rataye a jikin injin da igiya.

A makon ne kuma aka taɓa bel. Masu wannan sana'a suna da wani kiyasi: a ninka faɗin aiki da inci da yawan juyi, amsar ta faɗa tsakanin 6000 da 9000. Santimita 22 kusan inci 8.7 ne, ke nan juyi 690 zuwa kamar 1030. A 1450 da ya saba, bakin kwanon yana gudun kilomita 60 a awa. Ƙarfin da ke fizgar gunduwar da ba ta daidaita ba kuma, in an rage gudu da rabi, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ya koma fara gunduwa a 560, in ta zagaye ya hau 950, yana barin tsinin baya a tokare har sai ba makawa.

Hunturu ya kawo nasa. Danya mai sauran danshi tana tsukewa a busasshiyar iska, kwanon da aka bari a mandiran aka tafi azahar, in an dawo makulli yana ƙara cin kwatan zagaye. Aka mai da shi doka, duk tsayawa sai an sake matsewa. Yaro ɗaya kuma, don neman yabo, ya cika cikin mandiran da giris. Ƙurar hazo da garin katako suka haɗu da shi suka zama kunu, cikin kwana goma makulli ya ƙi juyawa. Aka kwance aka wanke, da aka mayar sai haƙoran suka ƙi haɗuwa a tsakiya, ɗaya ya riga 'yan'uwansa. Ashe kowanne yana da lamba a bayansa, 1 zuwa 4, kuma bi da bi suke shiga. Tun daga ranar a bushe ake barinsa, buroshi kawai kowace yamma.

## Fabrairu: abin da aka samu

Daga 13 ga Janairu zuwa 24 ga Fabrairu an ɗora gunduwa 58, ba wadda ta fice. Biyu sun tsage don kansu wajen bushewa. Kaurin gefe milimita 6, bambancin gefe da gefe bai kai rabin milimita ba. In an gama ciki, ana kifa kwanon a kan wani kututture mai tsumma, a tokare da tsinin baya, a share dunduniyar, ɗan cibiyar da ya rage a cire da hannu. An kai wa Hajiya 56 ranar 24 ga Fabrairu, huɗun da suka rage a makon farko na azumi. Ta kifa uku ta shafa gindinsu, ba ta ce komai ba, ta ƙirga kuɗi, ta tambaya ko ana yin masu murfi.

Kuɗin ƙarfe duka jika 132 ne, an mayar da 20 da aka sayar da mandiran na farko. Gunduwa 18 sun lalace, ban da kuɗin ɗinkin yaro.

## Yadda nake ganin lamarin

Sayen mandiran na masu ƙarfe ba wauta ba ce, da abin da ke gari kowane shago ke rayuwa. Amma kayan an yi shi ne don abin da ba ya lotsawa, ba wata dabara da za ta gyara wannan, kuma yaro ne ya biya da yatsunsa.

Kuskuren da ya ja sauran shi ne na mitir. Takarda da fensir da rula duk suna shagon tun Nuwamba, awon bai fi minti goma ba. Jika 15 da aka ƙi ƙarawa a kan mai zoben canji ta ci 32 a mahaɗi biyu, da mako biyar, da santimita 5 da mandiran zai ci gaba da lilo a gaban rulma muddin yana kan wannan inji. Ko da awon ya kuskure, da zobe kawai za a canza. Mai sayarwa ma yana da nasa kason: wanda aka ce wa "32 ko 33" bai kamata ya rufe ciniki ba sai ya ji takun zaren.

Mahaɗi na biyu ya yi aiki don abu biyu, takun zaren daidai ne ba kusa da daidai ba, kuma an yanka gefe biyun a kan layi ɗaya. Fatar baduku ta nuna sauran: abu mai laushi a tsakanin fuskoki biyu ya kusa ninka rawar sau huɗu.

Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini shi ne Janairu. Wata uku hankalin kowa yana kan ƙarfe, alhali da allura ta sauka 0.08 kwanoni ba su daina ficewa ba. Rabin riƙon kafinta ne ke yanka shi da hannunsa a gindin kwano, kuma wannan gyara gwangwanin tumatir ya ci. Bel kuwa, da tun Oktoba aka sauke shi, ina kyautata zaton da gunduwar nan ba ta kai kwanon rufi ba. A wannan ba wanda za a ɗora wa sai maigidan.

Abu ɗaya bai warware ba. Dunduniya mai milimita 47 ta yi wa akushi mai faɗin santimita 30 ƙanƙanta, don haka manyan har yanzu a kan faranti ake yin su. Kafintan yana son haƙora masu faɗi, sai ya gano na wani kamfani ba lalle su hau mandiran na wani ba. Wannan karon wajen dattijon ya kai mandiran ɗin aka auna tazarar ramukan ƙusoshin, aka rubuta a takarda, aka ɗauki hotonta aka aika Kano. Mai sayarwa ya ce sai bayan salla.